Sanƙon Ciyawar Gadina

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yi wa ciyawar wani otal aski, har sunansa na yanka ya ɓace, babba da yaro sai Gadina. Siriri ne, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo, kullum da almakashi a aljihun baya. In kuna magana, idonsa ba ya kan fuskarka, yana kan abin da ka taka. Da taɓawa kawai yake gane ƙasar da ta ƙoshi da wadda ke jin ƙishirwa, kuma ba ya ɓoye cewa ya iya. In yana da aibi, to wannan ne.

Shekarar da shi da iyalinsa suka tare a ɗan gidansu, tun kafin a sa ƙofar ɗakin yara ya fara shuka tsakar gida. Ciyawar da aka sassabe a wurin aiki yake ɗurowa a buhu, ya ɗauro bayan keke, ya zo ya dasa ta tsinke-tsinke da yamma. Wata uku, gida ya zama kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Amma ƙarƙashin tagar kicin akwai wani wuri, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba, da ya ce atafau shi ba zai yi ciyawa ba.

Maƙwabcinsa Tela ne ya raɗa wa wurin suna. Duk safiyar hutu sai ya jingina da katanga, tef a wuya, ya ce, "Gadina, ya jikin mai sanƙon? Ko in ɗinka masa hula?"

Gadina yakan yi dariyar yaƙe, amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Mutumin da manyan baƙi ke ɗaukar hoto a kan aikinsa, a ce taku biyu na ƙasa sun gagare shi a cikin gidansa! Ya kwashe ƙasar wurin ya zuba sabuwa. Ya sa taki har matarsa ta yi kwana uku ba ta buɗe taga ba. Ya zargi gara, ya zuba magani. Ya zargi inuwa, ya datse reshen bishiyar da yara ke lilo a kai, suka yi mako ba sa gaishe shi da daɗin rai. Kyanwar Tela ma ba ta tsira ba. Ya ɗibi ƙasar a gwangwanin madara ya kai wa masu sayar da dashe, ya kai wa wani malamin gona, kowa ya shinshina ya faɗi nasa. Duk dashen da ya yi sai ya kwana huɗu da ransa, a na biyar ya yi ja kamar an babbaka shi.

Ita kuwa matar, da kowa ke ce wa Mama, tana tsaye a taga tana kallonsa durƙushe, iyakarta ta ce, "Malam, shayinka fa zai huce."

Haka aka yi shekara goma sha tara. Yara suka girma suka watse. Watan da ya ajiye aiki, yana murnar yanzu zai zauna ya sa wa wurin ido daga safe har yamma, watan ne Mama ta kwanta ciwo, aka ba ta gado a asibiti. Autarsu ta baro gidan mijinta ta zo riƙe girki.

Sati na uku da kwanciyar Mama, ya fito zai tafi dubiya sai ya tsaya cak. Wasu 'yan tsiro ne, sirara kamar allura, sun leƙo a tsakiyar sanƙon, alhali tun da ta kwanta bai taɓa wurin ba. Yana nan durƙushe Auta ta fito da roba cike da ruwa yana tururi, ta nufi kwata a ƙofar gida tana mita.

"Baba, don Allah ka sa a duba bututun kicin ɗin nan. Bayana ya gaji da jigila. Ni ba zan iya irin na Mama ba, in riƙa watsawa ta taga."

"Ta wace taga?"

Auta ta ajiye robar, ta dube shi, ta dubi wurin da yake durƙushe. "Kai Baba! Wai da gaske ba ka sani ba? Tun muna yara bututun nan a toshe yake. Kana fita aiki za ta yi wanke-wanke da ruwan zafi da sabulu, ta watsa nan. Ranar hutunka ce kawai take kaiwa kwata."

A asibiti ya tarar da Mama an jingina ta da filo biyu, ta rame, amma idon nan yana nan da tsokanarsa. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa.

"Ciyawa ta fito a wurin nan," ya ce.

"Ai za ta fito."

"Shekara goma sha tara, baiwar Allah! Kina kallona ina yawo da gwangwani."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ya miƙa mata ruwa. "Satin da muka tare na ce maka bututu ya toshe, ka ce sai ka gama dashe. Na sake faɗa, ka ce ranar hutu. Da fari haushi ne ya sa nake zubawa, daga baya kuma hannu ya saba." Ta numfasa. "Kuma Malam, ka tambayi Tela, ka tambayi malamin gona, har kyanwa ka tuhuma. Ni da ke tsaye a kan wurin, ka taɓa ce mini, ke me kika gani?"

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban wani shugaba a wurin aiki.

Da ya koma gida ya kwanta rigingine ƙarƙashin wurin wanke-wanken da sifana a hannu. Ko awa ɗaya aikin bai ci ba. Ƙaramin cokali ne ya gitta a gwiwar bututun, tsumma da maiƙo suka taru a kansa. Washegari ya kai mata cokalin a aljihu, ta juya shi a hannu ta ce ta neme shi har ta gaji. Ya ce in ta dawo za ta ga yadda ruwa ke wucewa. Ta ce to, Allah Ya kai mu.

Kwana tara bayan nan ta rasu, ba ta dawo gidan ba.

Kafin shekara ta zagayo ciyawa ta haɗe, tsakar gida ya zama shimfiɗa ɗaya yadda ya yi ta buri. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, shi kuwa ba ya son jin yabon ko kaɗan. Yana kewar Mama, kuma ba ya ɓoyewa. Har yanzu yana bi da almakashi duk mako, don hannunsa bai iya zama ba, sai dai idon da ya yi shekaru yana karanta ƙasa ya kasa nuna inda wurin yake. In yana son ya gane, sai ya shiga kicin ya tsaya inda take tsayawa, ya leƙa ƙasa ta taga.