Tafin Hannu a Kan Hoton Akuya

Ranar Asabar aka yi bikin yaye yara a makarantar jikana a nan Kafanchan. Aka sa masa doguwar riga da hula, aka miƙa masa littafi, ya dinga zuba Turanci kamar rediyo. Iyaye sai tafi suke yi. Ni da nake kusa na ga a juye yake riƙe da littafin. Hadda kawai malamai suka ɗura masa. Takaici ya hana ni cin shinkafar da aka raba.

Nan take na tuna da marigayiya malamarmu ta aji ɗaya a Kwoi, wadda muke kira Mama. Daga gonarta take wucowa makaranta, hannunta na ƙamshin ɗanyar citta. Idan ka zo karatu gabanta, sai ta ɗora tafin hannun nan a kan hoton da ke shafin, ta rufe shi ruf.

"Ɗana, ba hoto na ce ka kalla ba," in ji ta. "Wannan harafin, me yake faɗi?"

Haka na tsaya ina furta sauti ɗaya bayan ɗaya, yajin citta na shiga hancina, har kalmar ta haɗu a bakina: akuya. Sai a lokacin ta ɗaga hannu.

Da muka dawo gida na buɗe wa jikana littafin, na rufe hoton da hannuna. Yaron ya zuba mini ido. Ko harafi ɗaya bai iya furtawa ba.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Mama. Ya kuma toshe miki kunne daga wannan tafin da iyaye suke yi.