Hannun Na'ibi Mai Hoton Walda

Na'ibi mijin yayata Kulsumu ne. Haifaffen Kasuwar Daji ne, gidansu manoman gero da dawa, amma shi tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya koyi walda a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Ƙofofi yake yi da gadajen ƙarfe, yana gyaran amalanke. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, ma'aikata na ta dawowa gida daga Sakkwato, shi kuwa kudu ya nufa. Wani kamfanin shimfiɗa bututun mai ya ɗauke shi. Da suka ga yana da ido, suka koya masa ɗaukar hoton walda.

Ni malamin makaranta ne a Kaura, kuma duk hutun da ya zo sai ya zaunar da ni ya yi mini bayanin aikin. Yakan taho da baƙaƙen fim, irin na hoton ƙashi a asibiti, ya ɗaga su a rana.

"Sirajo, ka ga waɗanga ɗigo-ɗigon kamar an watsa gero? Iska ce ta maƙale cikin walda. Wanga kuwa mai kama da tsutsa, datti ne, mai waldar bai kankare ba ya ɗora wata a kai. In ka ga baƙin layi ya miƙe sak a tsakiya, wuta ba ta ci ƙarfen har ciki ba. Amma wanda nike tsoro shi ne siriri mai karkacewa kamar gashi. Wannan tsagewa ce. Daga waje sumul, ciki ya mutu."

Abin da ke ɗaukar hoton wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai girman wake ba, tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa ƙarfe, mai kuma ƙona naman mutum. A cikin wata tukunya mai nauyi take zama. Daga nesa ake murɗo ta da waya ta bi ta tiyo zuwa jikin bututu, in an gama a janye ta ta koma.

Wata ranar Talata, cikin shekararsa ta huɗu a can, ƙwayar ta tsinke daga wayar ta tsaya cikin tiyon. Na'urar da ke yin ƙara idan ƙwayar tana waje ta kwana uku da lalacewa, an ce za a kawo wata. Na'ibi ya je ya kama tiyon da hannun dama yana naɗewa, yana hira da abokin aikinsa. Bai ji zafi ba, bai ji komai ba. Sai da suka zo rufe tukunyar ta ƙi rufuwa suka gane.

Bayan kwana goma yatsun suka yi ja, suka kumbura, suka tashi bororo. Ciwon ya ƙi warkewa. Aka cire yatsu biyu, aka cire na uku, daga ƙarshe likitoci suka yanke hannun daga wuyansa. Kamfanin ya sallame shi da takardar asibiti shafi ɗaya, da Turanci.

Ya dawo gida cikin bazarar shekara ta dubu biyu, 'yan makonni bayan an fara yanke hannun ɓarawo a jihar nan bisa hukuncin shari'a. Ko'ina maganar ake yi, a rediyo, a tasha, a majalisa.

A Kaura kowa ya san shi, an yi ta zuwa jaje. Matsalar sai in ya fita. Ranar wata Alhamis na raka shi kasuwar Shinkafi zai sayi ragon kiwo. Ya tsaya gaban wani mai sayar da takalma, mutumin ya dubi dungulmin hannun, ya janye kayansa cikin rumfa. Muna wucewa na ji wani yana cewa, "Ku kula da aljihu, ga wanda anka yanke nan." Kafin mu kai wurin dabbobi mutane sun biyo mu suna kallo.

Na'ibi ya tsaya, ya zaro takardar asibitin da hannun hagu.

"Ku karanta! Ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba!"

Babu mai iya karantawa a cikinsu. Na karɓa na fassara da ƙarfi. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, Allah shi kyauta. Amma ƙwaya kamar wake ta cinye hannun ƙato? Malam, ka dai rufa wa ɗan'uwanka asiri." Muka koma ba rago. Tun daga ranar ya koma saka babbar riga ko da zafi, yana ɓoye hannun a ciki, kuma ya daina cin kasuwar da ba a san shi ba.

Walda ba ta yiwuwa da hannu ɗaya, noma ma haka. Kulsumu ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Shi kuwa yakan wuni a zaure, wani lokaci ko gaisuwa ba ya amsawa.

Bayan shekara guda wani ɗan kwangila, Alhaji Yari, ya zo nemansa. Yana gina tankin ruwa na ƙarfe a kan dogayen ƙafafu a wani ƙauye bayan Zurmi, kuma masu tallafa wa aikin sun ce sai an ɗauki hoton waldar ƙafafun, mai takardar shaida irin Na'ibi ya duba ya sa hannu. Ya zo da fim ashirin da huɗu a cikin ambulan. Ina zaune a zauren. Rabona da ganin Na'ibi ya miƙe da sauri haka tun kafin ya tafi kudu. Ya sa Kulsumu ta kawo fitila, ya rufe taga, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ni ina miƙa masa.

A na shida ya dakata. Ya ce in mayar masa da na farko. Ya haɗa su biyu a gaban fitilar.

"Alhaji, wanga duk wuri guda ne. Gaɓa ɗaya anka ɗauka sau ashirin da huɗu, lamba kawai aka canzawa. Ga ɗan ɗigon nan a gefe, yana cikin kowane. Ina hoton sauran?"

"Kai dai sa hannu, Malam Na'ibi. Ƙarfen nan sabo ne."

"Ba ni sa hannu ga abin da ban gani ba. Mutane za su tsaya ƙarƙashinsa."

Alhaji Yari ya tattara fim ɗinsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Don taimako na zo maka. Je ka faɗa wa wanda ka ga dama, mu ga wa zai ɗauki maganar mai yankakken hannu."

Na'ibi ya faɗa. Ya yi mini shifta na rubuta wasiƙa, muka hau motar Zurmi muka kai wa ofishin da ke kula da aikin. Akawun ya karɓa, idonsa na kan hannun rigar, ya ce za a duba. Wani a Kaduna ya sa wa Alhaji hannu, aka buɗe tankin da biki.

Wata goma sha huɗu ya yi a tsaye. Wata safiya cikin damina, an cika shi fal, ƙafa ɗaya ta ɓalle daga waldarta. Mata biyu ne ke ɗibar ruwa a ƙasa. Ɗaya ta rasu nan take, ɗayar ta kai la'asar.

Ni na kai masa labarin. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Tambayata ya yi sunayensu, na ce ɗaya Fatimatu, ɗayar ban ji ba. Ya ce in bincika. Aka kafa kwamitin bincike, amma ba wanda ya kira shi, wasiƙar tamu kuwa aka ce ba a gan ta ba.

A lokacin dungulmin ya sake buɗewa, ciwon ya haura gwiwar hannu. Likita a Gusau ya ce sai an ƙara yankewa. Na'ibi ya ce a mayar da shi gida. Ya rasu bayan girbi, a ɗakin mahaifiyarsa a Kasuwar Daji, yana da shekara arba'in da ɗaya. Ya bar 'ya'ya mata uku. Da Kulsumu ta fita takaba na ɗauko su duka zuwa gidana a Kaura, kuma a nan suka girma.