Butar Wankin Wili

Ko tsufa zai kwashe mini komai a kai, akwai wata Laraba guda da ba zai iya ɗauka ba. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma har yau in na tarar da buta a ƙofar masallaci sai na ɗaga ta na sunsuna kafin in zuba a hannu. Jikokina dariya suke yi mini. Su yi ta yi, ba su ga abin da na gani ba.

A lokacin ina da wurin wankin mota a bakin babbar kwatar da ta raba unguwannin Nima da Maamobi a Accra. Wankin mota dai kowa na yi, abin da ya fitar da ni daban shi ne gyaran wili. Zamanin ne 'yan boga, wato masu dawowa daga Jamus, suka fara shigo da motoci masu wilin alminiyam tsirara, ba fenti ba komai. Iskar teku ta Accra kuwa ba ta raga wa alminiyam, wata uku sai ka ga wili ya yi fari-fari kamar mai ƙyasfi. Sai a kawo mini. In wanke, in bi shi da samfefa mai kaushi, in koma mai laushi a jiƙe, sannan in shafa man goge ƙarfe in yi ta murza har tsumma ya yi baƙi ƙirin, wili ya koma madubi. Wili huɗu, yini guda cur, kafaɗa kamar za ta cire. Ina da girman kai da wannan aiki, ba zan ɓoye ba.

Wurin ma ba nawa ba ne. Wani dattijo wanzami ne, mutumin Maraɗi, ya tsaga mini gefen inuwar darbejiyar da yake aski a ƙarƙashinta tun kafin a haife ni. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗana. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, kuma in muka yi musu ba ya rasa tuna mini. Rabin kawunan Nima sun bi ta hannunsa. Hannu ne mai sanyi, aska na tafiya a kanka kana gyangyaɗi.

Wata rana wani direban tanka ya kawo mini galan na wani ruwa daga Tema, ba takarda a jiki, ba rubutu. Ya ce da shi ake wanke wilin manyan motoci a tashar jirgin ruwa. Na gwada. Wallahi aikin da ke cinye mini awa biyu, ruwan nan ya yi shi kafin in gama cin ƙullin kenke ɗaya. Ka zuba, ya yi farar kumfa a kan ƙarfen, ka ɗauraye, datti ya tafi, sai gogewa kawai. Direban ya ce in kiyaye hannuna, na ce to. A satin farko ɗigo ya shiga ƙarƙashin farcen babban yatsana, ban ji komai ba na ci gaba da aiki. Sai bayan la'asar ya fara zugi kamar ana buga mini ƙusa, kwana goma farcen ya faɗi. Ku riƙe wannan. Na san halin ruwan nan tun kafin Larabar, ba ya ciwo nan take, sai ya shige ya zauna.

Don ya riƙa shiga lungunan wili daidai, sai na fara surka shi da ruwa ina zubawa a buta, bakinta siriri ne. Ranar da Baba ya gani ya ajiye askarsa.

"Ɗana, fitar da abin nan daga buta."

"Na ɗaura mata jan ƙyalle, Baba. Tawa ce."

"Buta ba ta da mai ita," ya ce. "In an kira salla, wadda hannu ya kai kanta ita ce ta mutum."

Na ce na ji. Ban fitar ba. Taurin kai irin na mai ganin kasuwa ta buɗe masa.

Ranar Larabar famfo bai kawo ruwa ba, abin da ya rage mini ɗan guntu ne a gindin duro. Ga wani ɗan boga ya kawo marsandi yana tsaye a kaina da sarƙar wuya, "chale," wato aboki, "yi sauri" yake ta faɗi, wai zai je ɗaukar baƙo a Kanda. Tsummana ya ƙare, na kwance jan ƙyallen nan na goge wili da shi. Aka kira azahar ina tsugune a ɗaya gefen motar. Butocin da ke gindin bishiya duk a bushe suke, sai guda ɗaya. Baba kuma mai shaƙar taba ne, hancinsa ya daɗe da yin ritaya.

Da na ɗago, yana kan wankin hannu na uku, yana cusa yatsu cikin juna yadda ya saba, ya tara ruwa a tafi zai kai baki. Na yi tsalle na buge hannun. Mutane suka juyo, ɗan boga ya juyo, masu jiran aski suka juyo.

"Lafiya?" Baba ya ce. "Mene ne a ciki?"

Nan ne wurin. Duk abin da ya faru kafin nan ganganci ne, ana iya cewa tsautsayi. Abin da ya biyo baya ni na zaɓe shi da bakina. Na dubi idon mutane, na tuna ya riga ya gargaɗe ni, na ji kunya ta rufe ni, na ce, "Ruwan sabulu ne, Baba."

Ya dube ni kaɗan. Na ɗebo kofi ɗaya daga gindin duro na zuba masa, ya ɗauraye, ya juya hannun ya ga ba komai, ya nemi ruwa a maƙwabta ya yi alwalarsa ya tafi masallaci. Ni kuma na koma kan wili ina ce wa raina ai na surka shi da yawa, ai fatar tsoho tauri gare ta. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa hannun wanzami ba ya rabuwa da 'yan ƙananan yanka. Ina kallonsa ya aske mutum biyu bayan salla. Kowane lokaci in ce yanzu zan tashi in faɗa masa, sai in ce bari in gama wannan wilin.

Bayan la'asar na ga aska na neman suɓucewa daga hannunsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya sallami na ukun da rabin kai, ya naɗe zabirarsa, ya ce sanyi ne ya kama masa yatsu, zai je a shafa masa man shanu. Ko a nan na bar shi ya tafi.

Da safe muka kai shi asibiti, kan yatsun sun yi fari fat, dattijon da ban taɓa jin ya yi ƙara ba yana cizon hannun rigarsa. Likita ya ja ni waje, ya tambaye ni da Turanci, na faɗa masa gaskiya da Turanci, yaren da Baba ba ya ji. Likitan ya ce da tun jiya muka zo, da an yi ta kwarara ruwa an sa magani, da da wuya ya rasa ko farce. Yanzu abin ya kai ƙashi. Aka yanke kan yatsu uku a dama, har da babban, da biyu a hagu.

Bai ƙara riƙe aska ba. Zabirar da ya gada daga mahaifinsa ya bayar da ita. Da matata ta haihu bayan wata biyu, wani baƙon wanzami ne ya yi wa ɗana askin suna, Baba na zaune a gefe da hannu cikin aljihu yana gaya masa ya bi a hankali wajen maɗiga. Na shiga bayan gida na yi kuka kamar yaro.

Na mayar wa direban galan ɗinsa, na koma samfefa da tsumma. Baba bai daina zuwa gindin darbejiya ba, ya ce gida zafi. Buta ba ta riƙuwa a hannunsa da kyau, don haka ni ke zuba masa ruwan alwala, azahar da la'asar, shekara shida. Mutanen unguwa suna ta sa mini albarka, wai ɗan halak mai riƙe amana. Kowace albarka kamar a watsa mini barkono a ido.

A shekarar da zai rasu, ina zuba masa ruwa a kan guntayen yatsun nan, na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ranar nan, ba sabulu ba ne."

Bai ko ɗago kai ba. "Na sani. Shekara hamsin ina kaɗa sabulu, ɗana. Ba santsi, ba kumfa."

"To me ya sa ba ka tafi asibiti ba?"

"Cewa na yi kunya ce ta sa ka faɗi haka a gaban mutane. Na ce in da abin mai cutarwa ne, ai ɗana zai biyo ni masallaci ya raɗa mini." Ya miƙo hannun hagu. "Zuba, za a tayar da salla."

Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa kafin ya cika. Amma yafiya ba ta mayar da yatsa. Abin da na koya shi ne, kuskure yana da 'yan awoyin da ake iya kama shi, kuma kunya ce ke cinye su. In ka yi ɓarna, faɗe ta tun tana ɗanya, a zage ka a wuce wurin. Ni zagin minti biyar na gudar wa kaina, wanda ya yarda da ni ya biya da hannunsa.