Abin Kunnen Malam da Sallamar Baba

Ranar da abin kunnen nan ya iso gidanmu na Wurno, maigidana bai ci abincin rana ba. Wani direba ne ya kawo masa daga Sakkwato cikin kwali, a cikin kwalin akwai wani kwali, a cikinsa kuma 'yar jakar fata. Da ya gama ɓare-ɓaren, abin da ya fito bai wuce ƙwayar gujiya biyu ba, da igiya tufkakkiya kamar kitson yara.

Na ce, "Malam, ai wanga iyafis na, irin na bakin tasha."

Ya dube ni kamar na kira zuma ruwan sikari. Ya ce, "Don Allah kak ki sake."

Ban sake ba. Kuɗinsa ma ban tambaya ba, don ina son in ci gaba da yi masa kyakkyawan zato.

Su uku ne masu wannan lalura: shi da yake malamin sakandare ne, da wani mai kemis daga Achida, da wani ma'aikacin ban-ruwa da ke zuwa tun daga madatsar Goronyo a kan babur. Duk Asabar bayan La'asar suna zauren gidanmu. Kowa da nasa abin kunnen, da 'yar na'ura kamar kwalin ashana wadda sautin ke ciki. Su toshe kunnuwa, su rufe idanu, wai rufe ido yana buɗe kunne. Kiɗan gurmi guda ɗaya za su yi ta maimaitawa, su cire, su yi musanya, su sake. In na turo musu shayi ina jiyo su ta bayan labule.

"Naka ya hi ɗumi, Malam, amma nau ya hi kaihi."

"Kai ina kas san kaihi, mai maganin tari? Saurara ka ji inda makaɗin yaj ja numhwashi."

Ɗumi, kamar kunu. Kaifi, kamar wuƙa. Har cewa suka yi sabon nan bai nuna ba tukuna, sai ya daɗe yana aiki. Na yi makaranta har aji shida, ban taɓa jin an ce roba da waya suna nuna kamar daddawa ba.

Gaskiya dai na gwada, ya matsa mini. Na ce ban da kiɗa, sai ya sa mini karatun Alƙur'ani. Ya cusa mini robobin, duniya ta ɗauke: ba kukan kaji, ba injin niƙan maƙwabta. Sai murya, kusa ƙwarai, har ina jin mai karatun yana haɗiye yawu. Ban san lokacin da na ja mayafina na rufe kai ba, ji na yi kamar wani baƙon namiji ya tsaya a kafaɗata. Na cire na ba shi. Ya tambaye ni mi na ji, na ce na ji kunya. Ya ce ba wannan ake tambaya ba.

To mahaifina yana Rabah. Ni ce 'yar farinsa, ko sunana ba ya faɗa, kuma tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa taka ƙofarsa ba. Ba faɗa ba ne, kunya ce irin ta mutanen da. Amma ni abin yana cina. Ina so ko sau ɗaya ya zauna a tabarmata, ya ci tuwon da na tuƙa, ya sa wa gidan albarka. Na daɗe ina bi ta wajen Inna, mahaifiyata, amsar dai ɗaya ce: in Allah ya so. Ga shi ya tsufa, kunnuwansa sun yi nauyi, rediyo ma sai ya manna ta a kunci.

Washegarin Asabar ɗin da suka taru don jin sabon abin kunnen, Inna ta kira ni a waya da hantsi. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Ke, mi mijinki ka nuhi da babanku?"

Ashe Baba ya zo Wurno ta'aziyya, ya ce bari yau ya cika mini burina. Ya iso ƙofar zaure da 'yar jakar albasa daga fadamarsa. Ya ga surukinsa da baƙi biyu zaune, idanu rufe, suna gyaɗa kai. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. A ta uku sai mai kemis ya ɗaga yatsa sama, shi wai kiɗa ya kai wani wuri mai daɗi, Baba kuwa ya ɗauka cewa ake ya dakata. Mutum ne da ba ya wuce sallama uku. Ya ɗauki albasarsa ya nufi tasha. Ni ina can ƙuryar gida ina daka, yara suna Islamiyya.

Inna ta ce, "Ya ce shi da gidan nan sai dai a lahira a gaisa."

Na samu Malam yana goge abin da auduga. Na gaya masa. Ya yi salati, amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kin gani, shi na ingancin nashi, yana toshe hayaniyar waje."

Na ce, "Sallamar Baba ta hayaniya?"

Da rana muka hau babur sai Rabah. Ina bayansa ina addu'a, rabi don Allah ya sanyaya zuciyar Baba, rabi don ya kama mini harshena.

Mun tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa kan buzu. Malam ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi. Baba ya amsa yana duban bango. Ni na raɓe jikin ƙofar Inna. Malam ya shiga bayani, dole kuma da ƙarfi saboda kunnen Baba, har maƙwabta suna jin yadda suruki ke ba da haƙuri. Baba ya saurara ya ce, "Malam, ni kurma na, amma in anka yi sallama ina ji. Wane abu na zai hana mai lahiyar kunne?"

Nan Malam ya yi kuskuren da har yau ba ya son a tuna masa. Ya ce bari Baba ya gwada da kansa. Ya fiddo 'yar jakar fatar da na'urar, ya kunna karatu, ya miƙa da hannu biyu yana durƙushe, kai sunkuye. A wajenmu haka ake miƙa wa babba kyauta. Ina ganin hannuwan nan biyu na san abin ya tafi.

Baba ya bari aka sa masa. Can sai na ga leɓɓansa suna motsi, yana bin karatun. Ya daɗe haka, har Inna ta leƙo ta koma. Da ya cire guda ɗaya, muryarsa ta sauya.

"Tun da kunnuwan ga sunka yi nauyi ban ji ƙarshen aya ba sai yau."

Ya cire ɗayan, ya naɗe igiyar a hankali, ya sa komai cikin jakar, ya zura a aljihun gaba.

"Ashe abin da kaz zo min da shi ke nan. Allah shi yi ma albarka. Wancan zance ya wuce."

Malam ya bi aljihun da kallo. Ya ce amin. Har ya nuna wa ƙanena yadda ake yi wa na'urar caji.

A hanyar dawowa sai da muka yi nisa sannan ya ce, "Ko robobin ban canza ba. Bai ko nuna ba." Can ya ce, "Ko za ki yi ma Inna magana?" Na ce iska tana kaɗawa, ba na ji.

Na zaci ciwon ya warke ke nan. Ina, sai ya koma tsohon abin kunnensa, ya kuma tsiri zuwa Rabah gaishe da Baba fiye da yadda ya taɓa yi tun da ya aure ni. In ya dawo sai ya ba abokansa rahoto: Baba ya ce yanzu muryar ta ƙara faɗi. Ni kuwa in na je gida, sai in tsaya ƙofar ɗakin Baba ina rafka sallama, Inna ta ce, "Shiga ki taɓa ƙahwarshi, yana cikin abin mijinki."

Baba ya zo gidana daga baya, wata Asabar, da albasar da ya koma da ita da ƙari. Ya zauna a zaure kan sabuwar tabarmar da na daɗe ina ajiya dominsa, ya sa wa gidan albarka, na yi kuka a madafi. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kifin Goronyo, na ɗauko da kaina har bakin labule. Na yi sallama. Na leƙa, maza huɗu zaune, idanu rufe, mai kemis ya ari na Baba, Baba yana gwada na mai kemis yana girgiza kai alamar bai kai nasa ba.

Na sake sallama. Sannan na ajiye kwanon, na rufe shi da faifai, na je na ɗauko taɓarya na buga a ƙyauren zaure.