Kwanukan Inna ne suka fito

Mai hoton unguwarmu a Azare da hannu yake saita kyamararsa. Ya yi ta murza bakinta kenan har wuyanka ya ƙage. Da ƙanena ya sayo mai saita kanta, sai muka ce mun huta.

Muka zaunar da Inna, mahaifiyarmu, gaban jeren kwanukanta.

"Ku yi maza, bayana ciwo yake," in ji ta.

Nan take aka gama. Kafin a wanko fim ɗin, Allah ya yi mata rasuwa. Ashe kwanukan ne kyamarar ta zaɓa. Zanen kowane murfi ya fito tas, fuskar Inna kuwa dishi-dishi. Ba mu da wani hotonta. Ni dai na gaji da kusanto shi da idona.