Lallen da ke Bayan Kujera

Malam Ɗahiru ba mai kuɗi ba ne, amma yana da mota, kuma da ita aka san shi a unguwarmu ta Ƙofar Galadima. Shagon ɗinkina yana kallon rumfar da yake ajiye ta a bakin lungun gidansu, don lungun ya yi mata ƙunci, jaki da kaya ma da ƙyar yake wucewa. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, yana zaune a bencin shagona ina taka keke. Sauran kuma yayarsa, Uwa, ta cike mini.

Gidansu gidan malamai ne, amma shi bai yi nisa da karatu ba. Yaron mota ya fara yi, daga nan ya zama direban wani Bature mai awon auduga, suka yi shekaru suna zaga ƙauyukan ƙasar Zazzau. Da Baturen zai koma ƙasarsu a 1951 sai ya sallame shi da motar, baƙar Moris mai kujerun fata ruwan madara. Malam Ɗahiru bai yi haya da ita ba. Ya koma sayar da zare a kasuwa, da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa. Motar ta kallo ce da gogewa, sai ɗan zagaye ranar Juma'a da yamma.

Ba ya wanke ta da ruwan rijiya, wai in ya bushe yana barin farin tabo. Ruwan sama yake tara mata a randuna tun damina. Ba ya wanke ta a rana kuma. In ta bushe sai ya ɗauko kakin zuman da ya narka da ɗan kananzir, ya shafa da auduga a zagaye a zagaye, ya jira har ya yi dishi-dishi, sannan ya bi da tsohon rawani har sai ya ga gemunsa a jikin ƙofa. Bamba, ƙarfen gaba da na baya, da toka mai laushi da lemun tsami yake goge ta, gilasai da tsohuwar jarida, kujeru kuwa ɗan man kaɗe a kan yatsa, ba ya wuce haka.

Matarsa Rahmatu 'yar Gyallesu ce, mai yawan dariya. Uwa ta ce in zai kai Rahmatu gaida iyayenta, sai ta tsaya a bakin mota ta tambaye shi ko alwalarta ta gida ta isa, ko sai ta sake wata. Shi kuma ya ce ta dai kakkaɓe takalmi. Ba a cin gyaɗa a ciki, ba a shan rake, ba a jingina kai da man kitso. Tana bin dokokin duka, tana yi masa tsiya duka.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah ta 1953, tana da tsohon ciki amma watan haihuwa bai kama ba, ta kwaɓa lalle ta zura hannu a zunguru, doguwar ƙwaryar nan da mata ke sa hannu a ciki don lalle ya kama. Da hantsi jini ya ɓalle mata. Ungozoma ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti. Uwa da wata maƙwabciya suka riƙo ta tun daga gida har bakin lungu, zungurun yana hannunta, ba wanda ya tuna da shi sai a ƙofar mota. Nan Uwa ta zare shi ta yar. Malam Ɗahiru ya riga ya tayar da inji. Ya waiwayo, ya ga hannu jage-jage da ɗanyen lalle, bakinsa ya riga shi.

"Ki kula da kujera."

Ya ce mini ta dube shi, duk da halin da take ciki sai da ta yi 'yar dariya.

"Malam, yau kam sai haƙuri."

Ta kama saman kujerarsa ta baya, daidai kafaɗarsa, ba ta saki ba har suka isa. Ba ta dawo ba, ita da abin da ke cikinta. Maganar da suka yi ta ƙarshe ke nan.

Bayan sadakar bakwai ya ɗauki sabulun salo da ruwa ya tafi rumfa. Ya wanke kujerar baya tas. Da ya zo kan bayan kujerar direba sai ya tsaya. Lallen ya kama fatar kamar yadda yake kama hannu: tafin ya fito, yatsun sun ja ƙasa kaɗan inda mota ta riƙa girgiza ta. Ya ajiye sabulun. Ya koma gida ya ɗauko farin gwado ya lulluɓe kujerar, ya soke gefensa.

Bai gaya wa kowa ba. Uwa kaɗai ta sani, don tana wurin. Namiji ba ya zama a majalisa yana zancen matarsa, ko sunanta ma bai taɓa kamawa a gaban mutane ba, tana raye ko bayan ranta. Kuma ya san in 'yan'uwansa malamai suka ji, za su ce rashin tawakkali ne, su sa a goge. Ba shi da hotonta. Kayan ɗakinta danginta sun kwashe bayan rabon gado. Wannan tabon ne kaɗai ya rage masa, kuma a ganinsa muddin bakinsa na rufe ba abin da zai taɓa shi.

Shekarar da ta biyo aka yi wa wani mai suna Dogara canjin aiki zuwa Zariya. Makaniki ne a reluwe, mutumin kudancin Zazzau, Kirista, yana da wata tsohuwar Ostin da ya tayar da hannunsa. Ya ga baƙar Moris wata Juma'a tana wucewa tana ɗaukar ido, ya bi ta har rumfa don kawai ya tambayi da me ake goge ta. Daga nan suka ƙulla. Na ukunsu Alhaji Bahago ne, falken goro, mai wata ƙatuwar mota da ba ta rabo da jan layi a ƙofar direba, don yana tuƙi yana tofar da tukar goro ta taga. Duk Lahadi bayan La'asar, Dogara ya dawo daga coci ya huta, sai su jera motocin a ƙarƙashin durumin da ke gefen rumfa, kowa da bokitinsa.

Musu ba ya ƙarewa. Dogara man gwangwani yake saye a kantin Sabon Gari, yana ganin kakin zuma aikin ƙauye ne.

"Sarkin Goge, yau ma ƙudan zuma sun rako ka," yakan ce wa Malam Ɗahiru. "Wata rana za ka buɗe but ɗin bayan mota ka tarar sun yi saƙa."

"In sun yi sai in ba ka ka lasa. Naka na gwangwani ai ƙyallin kwana biyu ne."

Alhaji Bahago kuwa su biyun suke haɗuwa a kansa, su ce ya bar wahalar da kansa, ya sa a yi wa motar jan fenti gaba ɗaya a huta. Gwadon ma bai tsira ba. Dogara ya ce bai taɓa ganin kujera mai jin sanyi ba sai wannan. Malam Ɗahiru yakan ce rana ce ke cin fata, ya sauya zance. In sun watse sai ya shiga kujerar baya ya ja ƙofa, ya daɗe a ciki. Daga shagona ina ganinsa, na ɗauka hutun gajiya yake yi.

Da daminar 1956 kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwantar da shi makonni. Ya aika wa Dogara da makulli, ya ce ya riƙa tayar da inji lokaci-lokaci kada batir ya mutu. Dogara ba ya iya ganin mota ya bar ta da tayar da inji kawai. Ya wanke ta, da ruwan randa kamar yadda mai ita ke so, ya shafa mata kakin zuman da yake yi wa dariya. Da ya zo kan kujeru ya yaye gwado.

Tabon ya tsufa, ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Wanda bai sani ba zai ce wani abu ne ya zube aka shafa da hannu. Dogara ya kira Alhaji Bahago, suka tsaya a kai, tausayi ya kama su. Suka ce ashe abin da bawan Allah ke ɓoyewa ke nan: Sarkin Goge guda, yana da tabon da ya gagare shi, kunya ta hana shi faɗa. Dogara ya gwada lemun tsami, ya gwada sabulu, ya gwada fetur, bai fita ba. Sai suka yanke shawarar yi masa abin da zai tashi daga ciwo ya yi murna. Suka kwance kujerun suka kai wa wani baduku a cikin birni, ya cire tsohuwar fata ya ɗinka sabuwa, jar fatar akuya mai taushi, ɗinki kamar na inji. Ni ma na ga ana fita da kujerun, na kuma yaba da dabarar, don ban san komai ba a lokacin.

Ranar da Malam Ɗahiru ya fara fitowa yana dogara sanda, Lahadi ce. Sun fito da motar ƙarƙashin durumi tana sheƙi, mutanen unguwa sun taru. Alhaji Bahago ya buɗe ƙofar baya da kansa, Dogara yana gefe da gwadon a ninke a hannunsa, bakinsa har kunne.

"Ga gwadonka, Sarkin Goge. Kujera ta warke, ba ta ƙara jin sanyi."

Malam Ɗahiru ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye, har aka fara duban juna. Sannan ya miƙe ya karɓi gwadon da hannu biyu, ya yi godiya yadda ta kamata, ya sa musu albarka, ya yaba ɗinkin. Ya tambayi sunan badukun. Ya ce ƙafar ta fara yi masa zugi, zai koma ciki.

Washegari da safe ya tsaya a shagona ya ce in raka shi, don ba ya iya doguwar tafiya shi kaɗai. Muka ratsa lunguna har rumfar dukawa. Badukun ya tarbe shi da fara'a, ya ɗauka wani aikin ya kawo. Da ya ji tsohuwar fatar ake nema, ya ce ai an bar masa ita, kuma fata ce mai kyau, bai bar ta ta lalace ba. Ya yayyanka ta, ya rina baƙi, ya yi kuben wuƙa da maɗaurin takalma, an kai kasuwa tuni. Malam Ɗahiru ya tambayi wurin da ke da tabon. Badukun ya ce baƙin rini ai yana rufe komai. Ya jawo kwandon guntaye ya ce ya duba ko akwai abin da zai yi masa amfani. Malam Ɗahiru ya durƙusa da ciwon ƙafarsa, ya riƙa ɗaga guntayen ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Babu.

A hanyar dawowa ya ce mu zauna a dakalin wani masallaci ya huta. Nan ya ba ni labarin, tun daga zunguru. Bai yi kuka ba.

Uwa ce ta kasa haƙuri. Da Dogara ya zo gaida mai jiki bayan kwana biyu, ta tare shi a zaure ta gaya masa labarin tabon daga bayan asabari. Da Malam Ɗahiru ya fito, ya sami Dogara tsaye ya cire hula.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" in ji Dogara daga ƙarshe.

"Yaya zan ce maka?"

Dogara ya ce zai bi kasuwa ya sayo kuben duka. Malam Ɗahiru ya ce ya bari, aikin alheri suka yi, kuma Allah ya gani. Ya sa aka kawo masa ruwa. Suka zauna a zaure har aka kira Azahar.

Har yanzu yana fitowa ranar Lahadi. Yana tara ruwan sama, yana narka kakinsa. Dogara ya daina kiransa Sarkin Goge, shi kuma da kansa ya ce masa ya ci gaba, amma sunan ya ƙi dawowa bakinsa. Alhaji Bahago ya rage zuwa.

Kwanakin baya Malam Ɗahiru ya zo ya zauna a bencina, ya jira har na gama ɗinka aljihu. Sannan ya ce akwai abin da ke damunsa. Shekara uku yana kallon tabon nan duk mako, ya ɗauka ko idonsa a rufe zai iya zana shi a ƙasa. Yanzu ya rasa ko hannun dama ne ko na hagu. Ya tambayi Uwa, ta ce ita hankalinta ranar ba a kan hannu yake ba.

"Babban yatsa," ya ce, "ta wajen ƙofa yake, ko ta ciki?"

Na ce ban taɓa gani ba, Malam. Ya ce haka ne.

Ya tashi ya tsallaka zuwa rumfa, ya shiga kujerar baya inda Rahmatu ta zauna. Ina hango shi ta gilashi. Ya ɗora hannun dama a saman jar kujerar direba, ya dube shi, ya sauke. Ya ɗora na hagu.