Ruwan Da Ya Mayar Mini Da Jikata

Mu mutanen Jos ba mu gaji ruwa ba. Duwatsu muka gada, da sanyi, da ramukan da Turawan kuza suka haƙa suka tafi suka bar mana. Ruwan sama ya cika su, suka zama kududdufai kore shar, sama lumui, ƙasa kuwa ba wanda ya san iyakarta. A ɗaya daga cikin na wajen Rayfield ɗana na fari ya nutse, yana firamare. Sai washegari aka ciro shi.

Tun daga nan na kafa doka a gidana: jinina ba ya shiga ruwan da ya wuce bokiti. 'Yata, wadda ita kaɗai ta rage mini, a ƙarƙashin dokar nan ta tashi. Duk ranar da ta dawo daga makaranta sai in kama hannunta in karta da farce. Haka iyayen unguwarmu ke yi, don in yaro ya yi iyo ya bushe a rana, farce na bin fatarsa sai farin layi ya fito. Ba ta taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba.

Ban da dokar nan, babu abin da ya ƙara damuna. Ina koyarwa, ina zuwa coci, ina dafa gwate, in an yi abin dariya in buɗe haƙora. Da maigidana ya rasu na yi zaman makoki yadda ya kamata, mutane suka yi ta yaba dauriyata. Ni kuwa na san ba dauriya ba ce, zuciyar ce ta daskare tun tuni.

Shekarar da na yi ritaya, 'yar nan tawa, wadda yanzu take aikin asibiti a Abuja, ta bugo waya ta ce za ta kai ni hutu Zanzibar, ni da ita da 'yarta.

"Ina ne kuma nan?"

"Tsibiri ne, Mama. Akwai tsohon gari a bakin teku, za ki ga tarihi."

"Wato ruwa gaba, ruwa baya. To, na ji. Amma kin san dokata."

Ta ce ta sani. Ta faɗa da sauri, kamar mai ajiye tukunya mai zafi.

Na cika akwati da rigunan sanyi da safa, don mutumin Jos bai yarda akwai garin da sanyi ba ya sauka da yamma ba. Na ƙara da acca da yaji. Muka sauka garin da ko zanen jikinki sai kin ji ya yi miki yawa.

An zaga da mu tsohon garin. Lunguna ne matsattsu, da manyan ƙofofi masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ko'ina ƙamshin kanumfari. Mai yi mana jagora ya nuna mana ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi, wata Baturiya a cikinmu har da hawaye. Na ce "Allah sarki" a inda ya kamata a ce. Hankalina yana kan ko maƙwabciyata ta tuna ta ba kabejina ruwa.

"Mama, ya yi kyau, ko?" in ji 'yata, tana neman wani abu a fuskata.

"Ya yi."

Ta ɗauke ni hoto a gaban wata ƙofa. Hoton yana nan, na fito kamar wadda ke jiran mota a tashar Titin Bauchi.

Bayan abincin rana nakan kwanta a masauki, su kuma su ce za su je shan askirim. Wata yamma suka dawo, jikata ta haye gado ta jingina da ni. Shekarunta ba su fi na ɗana ba lokacin da ya tafi. Ban yi niyyar komai ba, hannuna ne ya tuna aikinsa. Farcena ya bi damtsenta, sai ga farin layi raɗau. Na taɓa ƙeyarta, kitson da danshi.

Na nuna wa uwar hannun.

Ta zauna a bakin gado. "Ta iya iyo, Mama. Ni na sa aka koya mata. Ni ma na koya, tun ina jami'a."

"A bayan idona."

"A bayan idonki. Mama, dokarki ba ta ƙafar da kududdufi ko ɗaya ba. Da Yaya ya iya iyo..." Ta haɗiye sauran. "Gobe da safe za ta shiga a gabanki. Ki gani da idonki. In kin gani kin ce a'a, na yi miki alkawari ba za ta ƙara shiga ruwa ba muddin kina raye."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dube ni. Ta gane cewa abin da ta fi so a duniya yana bakina.

"Kaka, please," ta ce, da gurguwar Hausarta ta 'yan Abuja. "Ruwan ba ya yi mini komai."

Na jira fushi ya zo, don ya kamata ya zo. Bai zo ba. Na riga na san amsata, a'a ce, gobe zan faɗe ta in huta. Na tashi na jiƙa acca.

Da safe muka gangara bakin tekun. Yashi fari fat, ruwa shuɗi har inda ido ya gaji, ga jiragen masunta da filafilansu. Kowa yana cewa Aljannar duniya. Ni na samu gindin wata bishiyar kwakwa na zauna, takalmina a ƙafa, jakata a cinya.

Uwar ta tsaya a ruwa iya gwiwa. Yarinyar ta wuce ta, ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. Ta juyo ta ɗaga mini hannu.

"Kaka, kalle ni!"

Sai kanta ya ɓace. Ruwan ya rufe lumui, kamar ba a taɓa yin mutum a wurin ba. Wannan na san shi. Ban je bakin kududdufin ba a ranar, amma shekara da shekaru abin da nake gani ke nan in na rufe ido. Ban yi ihu ba, ban motsa ba. Na ce a raina, to, shi ke nan, ya sake ɗauka.

Can sai ga kan ya ɓullo, nesa kaɗan da inda ya shiga. Ta fesar da ruwa, ta share ido, tana dariya.

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin kai ya nutse ya fito ba. Wani abu ya soke ni a ƙahon zuci, zafi na gaske, har sai da na dafe wurin. Na miƙe, jakar ta faɗi a yashi. Na taka har inda kumfa ke lasar takalmina.

"Kaka, kin gani? Zan iya ci gaba?"

"Sake," na ce.

Ta nutse, ta fito.

"Sake."

Na yi ta sa ta tana shiga tana fitowa, har haƙoranta suka fara kaɗawa, idanunta suka yi ja. Uwarta ta matso ta riƙe hannuna, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Mama, ta gaji."

"Na sani," na ce. "Sau ɗaya kawai. Bari in ƙara ganin kan nan ya fito."